Digiri na Uku a Ƙasar Zamfara: Yaushe Za a Zauna a Rubuta?

Akwai amsar da ake yawan ji a bakin masu neman digiri na uku a Gusau da kewayenta idan aka tambaye su ina aka kwana: "Ai na gama komai, saura in zauna in rubuta." Mai faɗin haka ba ƙarya yake yi ba. Ya gama karatun aji, ya kare tsarin bincikensa a gaban malaman sashe, ya tara takardu a kwali da hirarraki a cikin waya. Amma in ka sake tambayarsa baɗi, amsar tana nan yadda ka bar ta. Aikin da jami'o'i suka yanka wa shekara 3 zuwa 5 sai ya ci 7 ko 8, wani ma a kwalin zai ƙare. A ganina, ba ƙarancin basira ke kashe waɗannan kundaye ba. Zaman da mutumin yake jira ne ba zai zo ba, domin rayuwar da yake ciki ba ta tanadi gurbinsa ba, kuma babu wanda ya faɗa masa haka tun ranar da ya yanki fom.

Sai a fara da sanin ko wane ne ɗalibin. A Ingila ko Jamus, mai wannan karatu galibi matashi ne da ake biyansa don ya yi bincike kawai, yana da tebur a sashe da ɗakin karatu da ba a ɗauke wa wuta. Namu magidanci ne. Malami ne a Jami'ar Tarayya ta Gusau, ko Kwalejin Ilimi ta Maru, ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda, ko makarantar koyon aikin lafiya ta Tsafe. Wani malamin sakandare ne, wani ma'aikacin sakatariya. Da yawansu ƙarin girma ne ya turo su, domin a jami'a akwai matakin da malami ba ya tsallakewa sai da wannan digiri. Ba laifi ba ne mutum ya nemi ci gaban aikinsa. Sai dai hakan na nufin yana koyar da aji mai ɗaruruwan ɗalibai, yana makin takardun jarrabawa, yana duba kundin ɗaliban shekarar ƙarshe, sannan a ce a tsakanin waɗannan ya samar da sabon ilimi.

Idan kuma ɗan ƙauye ne, a ce daga Karakkai ko Rawayya ko wani gari na ƙasar Bunguɗu da Tsafe, to nauyin ya ninka. Shi ne "malam na birni" da dangi suka zuba wa ido. Gidansa ne masaukin mai zuwa asibiti, albashinsa ne takin damina, wayarsa ce ake kira idan an yi haihuwa ko rasuwa. A shekarun nan an ƙara masa wasu biyu da iyayenmu ba su sani ba: karo-karon kuɗin fansa idan an ɗauki wani nasa, da 'yan'uwan da suka baro gida suka tare a ɗakin da ya keɓe wa littattafansa. Wanda ya ce masa ya rufe ƙofa ya kashe waya na wata uku bai san Bahaushe ba. Mutumin da ya ƙi zuwa ta'aziyyar kawunsa saboda babi na uku, ko ya zama dokta, ba zai iya ɗaga kai a garinsu ba, kuma ni ban ga dalilin da za a nemi haka daga gare shi ba.

Ga kuma hanya. Jihar Zamfara ta samu kanta a 1996, amma ba ta samu jami'ar tarayya ba sai 2013, jami'ar jiha da ke Talata Mafara kuwa ta biyo baya a 2018. Jami'o'in jihar har yanzu yara ne, don haka yawancin masu riƙe da wannan digiri daga waje suka ɗauko shi: Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ko Jami'ar Bayero ta Kano. Mai zuwa Sakkwato zai bi ta Bunguɗu, Maru, Talata Mafara da Tureta, tafiyar kimanin kilomita 200. Mai zuwa Zariya ko Kano zai ratsa Kwatarkwashi, Tsafe, 'Yankara, ya faɗa Funtuwa. Duk wanda ya san waɗannan hanyoyi ya san ba a bin su da asuba ko bayan la'asar da kwanciyar rai. Ɗalibi zai buga babinsa a shago, ya ɗauki ransa a hannu, ya isa ofishin mai duba aikinsa, a ce masa farfesa yana taron majalisar jami'a, ko ya tafi wata jami'a jarraba ɗalibai, ya dawo mako mai zuwa.

Ba na son a ɗora wa masu duba aiki laifin duka. Farfesa guda yana iya riƙe ɗaliban digiri na biyu da na uku fiye da yadda kowane mutum zai iya karanta aikinsu da natsuwa, ga nasa ajin, ga shugabancin sashe ko tsangaya. Akwai waɗanda suke karanta kowane layi da jan biro, su kira ɗalibi su zauna da shi awa biyu, kuma ɗalibansu ba sa mantawa da su har abada. Akwai kuma waɗanda babi ke kwana wata shida a kan teburinsu. Abin da ya fi damuna shi ne yadda ladabinmu ke hana ɗalibi magana. Zai gaisa, ya rusuna, ya ce "Ranka ya daɗe, na zo gaisuwa ne kawai," alhali abin da ya kawo shi shi ne ya ji labarin babinsa. Ladabi abu ne mai kyau, amma ya kamata makarantun gaba da digiri su ɗauke wa ɗalibi wannan nauyi ta hanyar yanka wa'adin da za a dawo masa da gyara, kuma su bibiyi wa'adin. Bai kamata gama karatun mutum ya rataya a kan iya fadanci ba.

A kan wannan sai ƙasa ta ɗora nata. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ya ci kusan wata 9 a 2020, ya sake cin wata 8 a 2022, daga Fabrairu zuwa Oktoba. A farkon Satumba 2021 aka rufe layukan waya a duk faɗin Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga. Gusau ta yi kimanin wata guda babu kira babu intanet, wasu ƙananan hukumomin sun fi haka daɗewa, har mutane suna tafiya Funtuwa don su aika saƙo. A ranar 29 ga Mayu 2023 aka cire tallafin man fetur, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024. Kuɗin mota zuwa Sakkwato, man janareto, kuɗin buga takarda da ɗaurin kundi, duk suka bi sahu. Asusun TETFund yana tallafa wa malaman manyan makarantun gwamnati, amma malamin sakandare da ma'aikacin sakatariya daga aljihunsu suke biya. Daga farkon 2025 kuma asusun ya dakatar da tura malamai karatu ƙasashen waje, abin da ke nufin ƙarin ɗalibai a kan teburin farfesoshin nan da suka riga suka gaji.

To, idan haka rayuwar take, ta yaya wasu suke gamawa, kuma su gama da aiki mai kyau? Abin da na lura da shi shi ne, masu gamawa sun daina jiran hutu. Kuma wannan darasi ba sai mun je ko'ina mun aro shi ba. A ƙasar Tsafe ne 'Yandoto take, garin da malamai suka yi wa suna tun kafin jihadi, inda Malam Sambo Ɗan Ashafa ya fito ya kafa Gusau. Ɗalibin zaure bai taɓa neman a ba shi shekara guda babu noma babu kasuwa don ya sauke littafi ba. Yana zuwa gaban malam bayan asuba ko bayan magariba, ya ɗauki layi biyar ko goma, ya tashi ya kama sana'arsa, gobe ya dawo. Da haka ake sauke manyan littattafan fiƙihu da nahawu da tafsiri. Mun gaji wannan tsari, amma da muka shiga jami'a sai muka ajiye shi a bakin ƙofa, muka ɗauka rubutun kundi wani babban aiki ne da ake yi a zama ɗaya bayan an gama "tattara bayanai".

Ga mai koyarwa a Gusau, lokacin da babu mai ƙwace masa shi ne tsakanin sallar asuba da tashin yara makaranta. Awa guda ce, wata rana ba ta kai ba. Idan ya rubuta shafi guda a cikinta, kwana biyar a mako, kafin shekara ta zagayo yana da daftarin kundi a hannu. Daftari ne mai kurakurai, amma mai duba aiki yana iya gyara shafi mara kyau, ba ya iya gyara abin da ke cikin kan ɗalibi. Rashin wuta ma ba hujja ba ce a nan, domin biro da littafin rubutu ba sa neman caji. A kwafe a kwamfuta ranar da aka kawo wuta, kuma kwafewar kanta gyara ce ta farko. Muhimmin abu shi ne a fara rubutu tun ranar da aka fara bincike. An dawo daga hira da wani dattijo, a daren nan za a rubuta abin da ya faɗa, da yadda ya faɗe shi, da inda ya yi shiru, da abin da ya saɓa wa maganar wanda aka gani jiya. Bayan wata shida murya tana nan a waya, amma abin da ido ya gani ya tafi.

Akwai wani shinge da ba a cika faɗa ba saboda kunya, wato harshe. Ban da sassan Hausa da Larabci da makamantansu, da Turanci ake rubuta kundi. Mutum ya yi hirarsa da Hausa, ya fahimci matsalar da Hausa, yana iya yi maka bayanin abin da ya gano a majalisa har ka riƙe baki, amma da ya buɗe kwamfuta sai ya koma jera jimlolin wasu. Shi ya sa babin bitar ayyukan da suka gabata yake kumbura ya kai shafi 80, wane ya ce, wane ma ya ce, babin da ya kamata a ji muryar mai binciken kuwa ya tsuke. Shawarar da nake bayarwa ita ce mutum ya fara rubuta hujjarsa da Hausa, a shafi guda, kamar yana yi wa yayansa bayani. Idan ta tsaya da ƙafarta a Hausa, mayar da ita Turanci aiki ne na kwana biyu. Idan ta kasa tsayawa, to manyan kalmomin Turanci ma ba za su tallabe ta ba. Su kuma masu rubutu da Hausa suna da tasu amanar: idan dattijo ya yi magana da Zamfarci, a rubuta ta yadda ya faɗa a rataye, kada a wanke ta ta koma Kananci, domin karin harshen ma bayani ne.

Sai babbar magana, wadda ta bambanta mai bincike a Zamfara da takwaransa na Kano ko Zariya: filin binciken kansa ya zama wurin tsoro. Mai nazarin noma yana bukatar gonaki, mai nazarin lafiya yana bukatar ƙananan asibitocin karkara, mai tarihi yana bukatar kufai da fadar hakimi da tsofaffi. Garuruwa da yawa a yau ba a shigarsu sai da sanin wanda ke riƙe da dajin, wasu ma babu kowa a cikinsu. Haɗarin bai tsaya a daji ba: a Satumba 2023 'yan bindiga suka shiga gidajen kwanan ɗalibai a Sabon Gida, dab da Jami'ar Tarayya ta Gusau, suka kwashi ɗalibai, yawancinsu mata, wasu suka shafe watanni a hannunsu. Babu digirin da ya kai ran mutum, kuma mai duba aikin da ya tilasta wa ɗalibi shiga inda shi ba zai tura ɗansa ba ya yi zalunci.

Amma a nan ne shaiɗan yake samun ƙofa. Tun da ba a iya zuwa, sai a zauna a Gusau a cike takardun tambayoyi 400 da biro kala uku, a rubuta cewa an zagaya ƙananan hukumomi shida. Sai a ƙirƙiro hira da "wani manomi mai shekara 60". Wannan ya fi rashin gama kundin muni, domin gobe wani zai dogara da waɗannan alƙaluma ya rubuta nasa, jibi wata hukuma ta gina shiri a kansu. Alhali akwai hanyoyi na gaskiya. Mutanen da suka baro ƙauyukan suna nan a Gusau da Tsafe da Bunguɗu, a gidajen dangi da kangwaye, kuma da yawansu suna son a saurare su. Ranar kasuwa tana kawo wanda ba ka iya zuwa wurinsa. Akwai waya, akwai malamin firamare ko ma'aikacin lafiya ɗan garin da za a koya wa yadda ake tambaya, a biya shi haƙƙinsa, a ambaci aikinsa. Sannan a rubuta ɓaro-ɓaro a babin hanyoyin bincike cewa gari kaza da gari kaza ba a kai gare su ba, ga dalili. Mai jarrabawa na waje da ya san aikinsa zai fi girmama wannan sakin layi fiye da jadawali goma masu sheƙi. Aikin Murtala Ahmed Rufa'i na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya gabatar a 2021 bayan shekaru yana bibiyar ta'addancin daji a Zamfara, ya nuna cewa ana iya yin bincike a wannan yanayi, amma da haƙuri da sanin mutane ake yinsa, ba a zangon karatu guda ba.

Wata al'adar jami'a kuma tana bukatar a sake dubanta. An saba a ƙarshen kundin tarihi ko al'ada a jera sunan duk wanda aka yi hira da shi, da shekarunsa, da garinsu, da ranar hirar. A da wannan shaida ce ta gaskiyar mai bincike. A yau, idan batun ya shafi 'yan bindiga, ko 'yan sa-kai, ko harajin da ake ɗora wa gari kafin a yi girbi, ko haƙar zinariya, wannan jeri yana iya zama takardar mutuwar wani. Kowa a yankin nan ya san abin da ke biyo bayan a kira mutum infoma, ko daga wane ɓangare kiran ya fito. Dole sassa su yarda a sakaya sunaye, ainihin jerin ya tsaya tsakanin ɗalibi da mai duba aikinsa. Ita ma wayar da ke ɗauke da muryoyin mutane bai kamata a riƙa ratsa hanyar Tsafe da ita a aljihu ba tare da an kwashe abin da ke ciki an adana a wani wuri ba.

Game da masu rubuta wa mutane kundi don kuɗi ba zan tsawaita ba. Suna nan a bakin kowace jami'a, kuma ranar kare kundi tambaya biyu take tona wanda ya saya. Manhajar Turnitin tana kama kwafe, sai mutane suka koyi sauya kalmomi. Tun ƙarshen 2022 kuma ga ChatGPT da ire-irensa, masu iya gyara maka Turanci, masu kuma iya ƙirƙiro maka sunan littafin da ba a taɓa rubutawa ba. Babu ɗayansu da ya san abin da tsohuwa ta faɗa maka a Kwatarkwashi. Sharaɗin da jami'o'i da yawa suka gindaya na buga maƙala kafin a kare kundi shi ma ya haifar da kasuwar mujallun da ke karɓar kuɗi su buga komai a mako biyu.

Mata kuwa duk abin da na lissafa yana kansu, da ƙari. Gusau tana da Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta mata zalla, kuma malamai mata masu neman digiri na uku suna ƙaruwa. Awar bayan asuba da na ce babu mai ƙwace wa namiji, ita a lokacin take hura wuta tana shirya yara. Tafiya Sakkwato tana bukatar yardar maigida, da wanda za a bar wa yara, da masauki na mutunci. Haihuwa guda tana iya cinye shekarar karatu, kuma agogon jami'a ba ya tsayawa sai an rubuta takardar neman ɗage zango. Inda na ga mace ta gama a kan lokaci, kusan kullum akwai miji ko uwa ko ƙanwa da ta ɗauke mata wani abu takamaimai, ba addu'a kaɗai ba. Maigidan da ke alfahari matarsa za ta zama dokta, to ya karɓi kai yara makaranta.

Me ya sa na damu da wannan duka? Saboda na san abin da kundi guda yake iya zama. Bajamushe Kurt Krieger ya buga tarihin Zamfara da Jamusanci a 1959, harshen da kusan babu mai karanta shi a cikinmu. Sai a 1977 Garba Nadama, wanda daga baya ya yi gwamnan tsohuwar Jihar Sakkwato, ya kammala kundinsa a Zariya kan tasowa da rushewar daular Zamfara, kuma har yau da wuya ka ga rubutu kan tarihin yankin da bai ambace shi ba. Murray Last ya zauna gaban Waziri Junaidu a farkon shekarun 1960, abin da ya fito daga wannan zama ya zama littafinsa na 1967 kan Daular Usmaniyya. Sa'idu Muhammad Gusau ya yi digirinsa na uku a Kano kan waƙoƙin makaɗan fada, da Hausa ya rubuta, kuma daga wannan tushe ya yi shekaru yana taskace tarihi da waƙoƙin makaɗa irin su Salihu Jankiɗi da Musa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru, waɗanda da yanzu sai dai a ji su a kaset ba a san yadda suka rayu ba. Waɗannan mutane sun tarar da tsofaffi a garuruwansu, a zaune a inda aka haife su. Mai bincike na yau yana tarar da su a gudun hijira, sun rabu da gonakin da suke iya nuna iyakarsu da itatuwan da suke iya faɗin maganinsu, kuma suna rasuwa da abin da suka sani. Wanda ya ɗage rubutunsa shekara uku yana iya komawa ya tarar babu wanda zai tambaya.

Akwai aiki guda da hukuma za ta iya yi ba tare da jiran zaman lafiya ba. Kundayen da aka rubuta kan Zamfara suna warwatse a ɗakin karatu na Abdullahi Fodiyo a Sakkwato, da na Kashim Ibrahim a Zariya, da Kano, da Gidan Arewa a Kaduna. Ɗalibin Gusau yana kashe kuɗin mota da kwana biyu don ya karanta abin da aka rubuta kan garinsu, wani lokaci ma ya maimaita binciken da aka riga aka yi don bai san da shi ba. Ɗakin karatu na Jami'ar Tarayya ta Gusau yana iya neman kwafin kowane ɗaya, a ɗauki hotonsa a adana a kwamfuta, a kuma buɗe wurin da duk wanda ya kare kundi zai ajiye muryoyin hirarrakinsa bisa sharaɗin da zai kare masu maganar. Na'urar ɗaukar hoton takardu, ma'aikata biyu da wasiƙar fahimtar juna tsakanin jami'o'in sun isa a fara.